Sauya kamfanin tab saboda batir da manhaja: Abin da ke gyaruwa da abin da zafin Sakkwato ba ya bari

Ƙorafi biyu ne suka fi yawa a bakin masu amfani da kwamfutar hannu, wadda matasa suka fi sani da tab, a birnin Sakkwato. Na farko caji ne: a cika ta da safe, kafin la'asar ta nuna ja. Na biyu manhaja ce: nauyi, daskarewa, talla mai faɗowa ba sallama, ko wata manhaja ta ƙi hawa gaba ɗaya saboda tab ɗin ta tsufa. Idan haushi ya kai wa mutum wuya, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya sayar ya koma wani kamfani. Mai Samsung ya fara hangen iPad, mai tsohuwar iPad ya fara tambayar kuɗin Redmi, mai itel kuma ya ce daga yau shi da Infinix ne.

Sai dai sauya tab yanzu ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Tunda kusan duk tab daga waje ake shigo da ita, ta biyo ta Computer Village a Legas ko Farm Centre da Beirut a Kano kafin ta iso Sakkwato, farashinta dala yake bi. Wanda ya sayar da tasa da asara, ya ƙara ciko ya sayi wata, sannan bayan wata shida ya tarar da matsalar da ya gudu tana jiransa, ya yi asara biyu ke nan.

Abin lura shi ne matsalolin nan biyu ba tushensu ɗaya ba. Ta manhaja a hannun kamfani take, don haka sauya kamfani yana iya maganinta. Ta batir kuwa, mafi yawanta daga zafi da yanayin wuta take fitowa, kuma duk kamfanin da mutum ya koma za ta bi shi.

Su wa ke riƙe da tab a Birnin Shehu?

Ɗalibai ne a gaba. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, darussa da yawa a PDF suke yawo ta zaurukan WhatsApp, kuma karanta littafi mai shafi ɗari biyar a fuskar waya wahalar ido ce. Akwai masu shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, suna gwaji da manhajojin tsofaffin tambayoyi. Akwai masu tilawar Alƙur'ani da masu bin tafsiri. Akwai teloli da masu sayar da atamfa da leshi da ke nuna wa kwastoma samfuri a babban gilashi. Akwai masu tattara bayanai na ayyukan lafiya da ke shiga ƙauyuka da KoboCollect ko ODK Collect. Akwai kuma gidajen da tab ta zama talabijin, ana kallon Labarina ko Daɗin Kowa a YouTube.

Bukatunsu sun bambanta, amma abu ɗaya ya haɗa su: duk suna ɗaukar awanni nesa da soket mai wuta. Ɗalibin da ya fito daga Mabera ko Arkilla zuwa mazaunin jami'a na dindindin a Dundaye, idan tab ta mutu masa da azahar, karatun ranar ya tsaya. Shi ya sa batir ya zama ma'aunin farko da ake auna kowane kamfani da shi. Kuma a nan ake yin kuskuren lissafi.

Batir: duk kanwar ja ce

iPad, Galaxy Tab, Redmi Pad, Tecno Megapad, Infinix Xpad, duk batirin litiyam suke amfani da shi. Ingancin ƙira yana bambanta, amma halin sinadarin ɗaya ne: zafi yana tsufar da shi, kuma ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera iPad ta yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35, cewa digiri 16 zuwa 22 ne ya fi dacewa da ita, kuma zafin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Sauran kamfanoni ma a kusa da nan iyakarsu take.

Sai a kwatanta wannan da Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yana haura digiri 40 sau da yawa. Wannan kuma ma'aunin inuwa ne. Cikin jaka a bayan mai kabu-kabu, ko kan kujerar mota a rufe, ko ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, ya wuce haka. Wato na tsawon watanni, kowace tab a garin tana aiki ne a wajen iyakar da masu ita suka gindaya mata. Tambarin da ke bayanta bai sauya wannan.

Yanayin wuta yana ƙara wa abin nauyi. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wa Sakkwato wuta, kuma kowa ya san ba a yi mata alƙawari. A watan Satumbar 2023, gobara a tashar wuta ta Birnin Kebbi ta jefa Kebbi da Sakkwato da sassan Zamfara cikin duhu. Man janareta kuma ya yi tsada tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Abin da wannan ke haifarwa shi ne wasu ɗabi'un caji guda uku da batirin litiyam ya tsana.

Na ɗaya, a yi amfani da tab har ta mutu da kanta, ta kwana ɗaya ko biyu a mace. Na biyu, da zarar an kawo wuta a jona ta kuma a ci gaba da kallo ko wasa, zafin caji ya haɗu da zafin aiki. Na uku, a kai ta shagon caji, inda take zama cikin tarin wayoyi masu ɗumi, ta cika 100 ta ci gaba da zama a jone har yamma. Batir a cike maƙil cikin zafi shi ne yanayin da ya fi saurin cinye shi.

Akwai ƙarin ɓarayin caji guda biyu da ba ruwansu da kamfani. Hasken gilashi shi ne na farko: a waje da rana dole a ƙure haske kafin a ga rubutu, kuma a tab mai inci 10 ko 11 gilashi ne ya fi komai shan wuta. Mayar da fuska baƙa ba ya rage komai a tab-tab masu araha, domin gilashinsu LCD ne mai fitila a baya. Sai a gilashin OLED dabarar ke aiki. Na biyu raunin sabis ne: tab mai sim idan tana inda netwok ke sanda ɗaya, ƙara ƙarfi take yi don ta riƙe shi, sai ta yi zafi ta sha caji.

Lissafin mAh da ake yaudarar ido da shi

A shago, lambar da aka fi nunawa ita ce mAh. Galaxy Tab A9 tana da 5,100. Tab A9+ tana da 7,040. Infinix Xpad tana da 7,000. Redmi Pad SE mai inci 11 tana da 8,000, Redmi Pad Pro kuma 10,000. Ido yana ganin babbar lamba sai ya yanke hukunci. Amma lambar girman tanki kawai take faɗa, ba ta faɗin yadda injin ke shan mai.

Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne Wh, wato yawan wat ɗin da batir zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya. Ana samunsa idan aka ninka mAh da bolt ɗin batir, wanda yawanci wajen 3.85 ne, aka raba da 1,000. Batir mai 7,040 ya zama wajen Wh 27, mai 8,000 ya zama wajen 31. iPad ta 10, wadda ta fito a 2022, tana da Wh 28.6. Ke nan tankinta bai fi na tab-tab masu araha girma ba. Abin da Apple ke alƙawari a kan iPad kuwa shi ne awa 10 na shiga intanet da Wi-Fi, awa 9 da sim, kuma wannan a sabuwa ce, da haske madaidaici, a ɗaki mai sanyi.

Lambar da ta fi muhimmanci a garin da wuta ke zuwa ta awa biyu ta tafi ita ce saurin caji. Redmi Pad SE mai inci 11 wat 10 take karɓa. A takarda awa uku ke nan kafin ta cika, a zahiri ya fi haka. Tab A9+ tana karɓar wat 15, Xpad wat 18, Redmi Pad Pro wat 33, Galaxy Tab S9 FE kuma wat 45. Babban tanki mai ƙaramin baki, a wutar Sakkwato, sau da yawa rabi yake kwana. Wanda ya bar tab mai wat 15 ya koma mai wat 10 don ya ga 8,000 a kwali, zai iya ƙarewa da caji ƙasa da na da.

Haka lissafin fawa banki yake. Mai 20,000 mAh tana da wajen Wh 74, amma wani kaso yana ɓacewa a matsayin zafi lokacin juya wuta. A aikace da ƙyar take cika tab mai 7,040 sau biyu, idan ma ta asali ce.

Shi ma batir yana da adadin rayuwa. Kowane amfani da ya haɗa kashi 100, ko a zama ɗaya ko a rarrabe, zagaye ɗaya ne. Apple ya ce batirin iPad an yi shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 1,000. Mai cinye zagaye ɗaya kullum zai kai nan cikin shekara biyu da wata tara. Zafi kuma yana gajarta tafiyar.

Manhaja: nan ne kamfani ke da hannu

A ɓangaren manhaja labarin ya juya. Nan bambancin kamfanoni na gaske ne, kuma ya kai a sauya dominsa.

Babban bambanci shi ne shekarun sabuntawa. Tab tana iya zama lafiya ƙalau a jiki, amma idan kamfani ya daina aiko mata da sabuwar babbar manhaja, sauran manhajoji za su riƙa barinta ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da bai kai 5.0 ba. Manhajojin banki ma suna ɗaga mafi ƙarancin sigar da suke karɓa lokaci zuwa lokaci saboda tsaro. Samsung ya yi wa Tab S9 FE alƙawarin sabbin Android huɗu da shekara biyar na gyaran tsaro, ya yi wa Tab S10+ da S10 Ultra na 2024 alƙawarin shekara bakwai. Apple ya saba riƙe iPad shekara shida zuwa bakwai: iPad ta 6 ta fito a 2018, ta samu sabuntawa har iPadOS 17 na 2023. A can ƙasan kasuwa kuwa, akwai tab-tab da yawa, musamman marasa sanannen suna, da ke mutuwa da Android ɗin da aka haife su da shi.

Turai ta riga ta mayar da wannan doka. Daga 20 ga Yunin 2025, duk waya ko tab da za a fara sayarwa a Tarayyar Turai dole batirinta ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80, dole ta samu sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaranta kuma su samu har shekara bakwai. Dokar ba ta aiki a Najeriya, amma tana da amfani ga mai saye a nan: samfurin da ake sayarwa a Turai ma, ya fi wanda aka yi wa kasuwar masu ƙaramin ƙarfi kaɗai tabbacin daɗewa.

Bambanci na biyu shi ne yadda kamfani ke kashe manhajoji a ɓoye don ya tsawaita caji. Tun Android 6.0 na 2015 Google ya kawo tsarin Doze da ke sa na'ura barci idan an ajiye ta. Wasu kamfanoni suna ƙara nasu tsarin mai tsanani a kai. Sakamakon shi ne manhajar kiran salla ta yi shiru da asuba, saƙon WhatsApp ya ƙi shigowa sai an buɗe, ko saukar da bidiyon darasi ya tsaya da zarar gilashi ya mutu. Shafin Don't Kill My App, wanda masu haɗa manhaja suka kafa don bin diddigin wannan hali, ya daɗe yana jera Huawei, Xiaomi, OnePlus da Samsung a sahun gaba. Wato wani ɓangare na dogon cajin da ake yaba wa wasu tab-tab, da sanarwar mai ita aka biya shi. Daɗin abin shi ne wannan yana gyaruwa: a shiga setin batir, a cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa.

Na uku shi ne tarkacen manhajoji da talla da ake cusowa daga kamfani, haɗe da ƙarancin RAM. Tab mai RAM 2GB ko 3GB, idan aka buɗe mata PDF mai nauyi da Chrome da WhatsApp a tare, dole ta riƙa rufe ɗaya don ta buɗe ɗaya. Ƙarin RAM da ake rubutawa a kwali kamar 4+4 aro ne daga ma'ajiya, kuma bai kai na gaske sauri ba.

Kada kuma a ɗauka manyan kamfanoni tsarkaka ne. A watan Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa ba zato. A watan Oktoban 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10, Samsung yuro miliyan 5, kan sabuntawar da ta rage wa tsofaffin wayoyi ƙarfi. Darasin da ke ciki ga mai tab shi ne wani lokaci nauyin da ake ɗora wa manhaja, gajiyar batir ce.

Abin da mai komawa iPad zai tarar

iPad tana da santsi, ba ta zubar da caji sosai idan an ajiye ta, kuma tana da manhajoji irin su Procreate da babu su a Android. Amma akwai abubuwan da ɗan Najeriya ya saba da su da ba zai samu ba.

iPad mai sim ba waya ba ce. Data kawai take ɗauka. Ba a kira da ita, ba ta karɓar tes kamar waya, kuma ba a danna *310# a duba kuɗi ko *312# a sayi data, balle *737# ko *894# na banki. Wanda ya saba tab ɗinsa ta Samsung ko Infinix ita ce wayarsa ta biyu, zai ji wannan tun ranar farko. Sababbin iPad Pro da iPad Air masu sim, daga na 2024, ba su ma da ramin sim. eSIM kaɗai suke karɓa.

Ba ta da ramin memori. Fina-finai da karatuttukan malamai da aka tara a kati ba za su shiga kai tsaye ba. iCloud kyauta 5GB yake bayarwa, alhali Google yana ba da 15GB. Manhajar da aka saya a Play Store ba ta bin mutum zuwa App Store, sai a sake saye. Ba a tura fayil ɗin APK daga wayar aboki a ɗora. KoboCollect da ODK Collect na Android ne kaɗai, don haka mai aikin tattara bayanai ya tambayi masu aikin kafin ya sauya.

WhatsApp bai zo iPad a hukumance ba sai watan Mayun 2025, shekara 15 bayan fitowar iPad ta farko, kuma a matsayin na'urar da ake haɗawa da waya yake aiki. Dole lambar ta kasance a kan wata waya. Ajiyar hirarraki da ke Google Drive ba ta buɗuwa a iCloud. Sannan yana bukatar iPadOS 15.1 zuwa sama, don haka iPad Air ta farko da mini 2 da mini 3, waɗanda suka tsaya a iOS 12 kuma har yanzu suna yawo da araha, ba za su ɗauke shi ba.

Sai batun gyara. Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a Afirka. Dillalai masu izini ake da su, kuma a Najeriya sun fi yawa a Legas da Abuja. Gilashin iPad manne yake da gam, canjin batirinta aikin gwani ne. Tecno da Infinix da itel kuwa, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, suna da Carlcare mai cibiyoyi a biranen ƙasar nan da dama, kuma kayan gyaransu sun fi sauƙin samu a Arewa.

Abin da mai komawa Android zai kiyaye

Android ba abu ɗaya ba ne. Sababbin tab-tab na Huawei ba su da Play Store da manhajojin Google tun bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a watan Mayun 2019. Amazon Fire, mai shigowa da araha cikin kayan gwanjo, ita ma ba ta zuwa da Play Store. Ana iya yi musu dabara, amma dabarar tana iya karyewa a sabuntawa ta gaba, kuma wasu manhajojin banki ba sa yarda da ita.

A kuma tabbatar samfurin yana da sim. Redmi Pad SE mai inci 11 Wi-Fi kaɗai gare ta. Wanda ya saye ta zai dogara da hotsifot ɗin wayarsa, wato ya ceci cajin tab ya kashe na waya. Tab A9 da A9+ suna zuwa iri biyu, mai sim da marar sim, a kwali kusan iri ɗaya.

Rubuce-rubuce ma suna maƙalewa. Abin da aka rubuta a Notes na Apple ko Samsung Notes ba ya ƙaura da kansa zuwa wani kamfani. A mayar da muhimman PDF kafin a sayar da tsohuwar.

Tarkon ta hannu

Da yawa daga masu sauya kamfani ba sabuwa suke saye ba, wadda ake kira Landan yus suke ɗauka. Jikinta yana iya sheƙi, amma batirinta ya riga ya ci shekara uku ko huɗu a hannun wani. Barin tab mai shekara biyu don a sayi iPad mai shekara biyar saboda batir, an gudu ne ba a tsira ba. Tsofaffin iPad ba sa ma nuna lafiyar batir a seti. Daga samfuran 2024 aka fara sa wannan, tare da zaɓin tsayar da caji a kashi 80.

Akwai kulle iri uku da za a duba a gaban mai shago. Kullen iCloud, wanda idan tsohon mai ita bai cire asusunsa ba iPad ta zama faranti. Kullen asusun Google a Android, mai fitowa bayan an goge na'ura. Da kullen makaranta ko ma'aikata, wanda ke dawowa da zarar ta hau intanet. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a goge ta gaba ɗaya a shagon, a jona ta da intanet, a sa asusun mai saye kafin kuɗi su fita.

Gyara ko sauyi?

Kafin a yanke hukunci, gwajin kwana biyu yana iya ceton kuɗi masu yawa. A duba setin batir a ga manhajar da ta fi sha. Sau da yawa guda ɗaya ce. A tab ɗin Samsung, manhajar Samsung Members tana gwada lafiyar batir. A sauran Android, AccuBattery tana ƙiyasta ƙarfin da ya rage bayan an yi caji 'yan lokuta. A gwada wata caja da wata igiya masu kyau, domin cajar bogi tana sa a zargi batir a banza. A duba ramin caji. Ƙurar hunturu tana cika shi har caja ta daina zama daidai.

Idan batir ne ya gaji amma tab tana samun sabuntawa, canjin batir ya fi sauya kamfani araha nesa ba kusa ba. Idan gilashi ya fara ɗagowa ko baya ya kumbura, batir ya kumbura ke nan: a daina caji nan take, kada a danna, a kai wa mai gyara. Idan kuwa batir lafiya lau amma sabuntawa ta tsaya, manhajar banki ko ta aiki ta ƙi hawa, RAM kuma bai wuce 3GB ba, to lokacin sauyi ya yi.

Wanda ya kai wannan matsayi, ga abin da zai tambaya kafin ya biya:

1. Wace shekara samfurin ya fito, kuma har yaushe kamfani ya yi alƙawarin sabuntawa?
2. Wat nawa take karɓa a caji, kuma akwai kan caja a kwali?
3. RAM na gaske nawa ne? Kada ya gaza 4GB, 6GB ya fi kwanciyar hankali.
4. Tana da sim? Ana kira da danna lambobin banki da ita?
5. Tana da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kamar yadda tab-tab na Samsung suke da shi?
6. Idan batir ko gilashi ya lalace, ana samunsa a Sakkwato ko Kano, kuma nawa?
7. Manhajoji uku da ba a iya yini babu su, suna hawa a kanta?

Sabuwar ma, ko ta wane kamfani ce, kulawa ɗaya take so: a yi caji da dare ko da sassafe a wuri mai iska, a cire mata riga idan tana ɗumi, kada a bari ta kai sifili, kada a bar ta a mota ko a rana, a sauke darussa da bidiyo lokacin da sabis ke da ƙarfi a kalla daga baya ba tare da data ba. Wanda kuma ya sayi tab a watan Disamba yana yabon batirinta, ya ɗan dakata da ba abokai shawara. Sai ta wuce Afrilu a Sakkwato sannan za a san halinta.